Da Ruwa a Cikinsu, Ɗan Nan

Shekaranjiya na shiga ɗakin aiki na tarar da yaron da nake koya wa ginin tangaran yana jera kofuna a tanderu. Na ɗauki ɗaya na kara a kumatuna, na ji sanyi ƙalau, alamar bai bushe ba. Na ce, "Kai, sauke su." Ya ce, "Baba, mai kayan ta matsa, jibi ne bikin." Gabana ya faɗi, don irin maganar da na taɓa yi ke nan.

Lokacin ban daɗe da gama karatun tangaran a Zariya ba, ina ji da kaina. Wani otal ya ba ni aikin farantai da kofuna, na karɓi kafin alƙalami na zuba a gas da farar ƙasar Ƙanƙara. Ga watan Agusta, marka ba dare ba rana, yumɓu ya ƙi bushewa. Innata, wadda ta tsufa tana gina randuna da hannu, ta leƙo ta shafa faranti ɗaya ta ce, "Da ruwa a cikinsu, ɗan nan." Na ce mata wannan ba gashin kara da kashin shanu ba ne, tanderun zamani ne. Har yau maganar nan tana cin raina. Ai Ladi Kwali da ke bayan takardar naira ashirin, wurin gwaggonta ta koyi gini da hannu kafin ta shiga cibiyar koyar da ginin tangaran ta Bature Michael Cardew da ke Abuja, Suleja ta yanzu, a 1954. Na san wannan tun a aji, amma na raina tsohuwar gidanmu.

Wuta ba ta yi nisa ba na fara jin fas! fas! Ruwan da ya rage cikin yumɓu, da zarar zafi ya kai digiri 100 sai ya zama tururi, in bai sami hanya ba ya fasa. Da safe tsingaro na kwashe. Shekara guda ina biyan bashi.

To amma ya zan yi? Mai gidan haya yana ƙofa, aurena ya matso, mai otal kuma bai san damina ba, rana kawai ya sani. Wa zai mayar da kuɗi a wannan hali? Sai dai ni na taɓa farantan nan, na ji sanyinsu.

Na so in jero muku shawarwari da yawa, ba su wuce biyu ba. Kada ku karɓi aikin da aka yanka wa rana cikin marka. Ko da yake in ba ku karɓa ba me za ku ci? To ku karɓa, amma ku faɗi ranar gaskiya, ko mai kaya zai fushi. Sannan in tsohuwar maginiya ta yi magana, ku ajiye wayar nan! Yaran yanzu, kofi bai bar hannu ba an ɗauke shi hoto an sa a TikTok, har an sa masa farashi, bai ko sha iska ba.

Yaron ya sauke su yana kumbure-kumbure. Ni na kira mai kayan da kaina na ba ta haƙuri. Kofunan suna nan kan katako, na kife su, gindinsu ne bai bushe ba.