Hawan jini da tsoron da ya biyo shi

Shan maganin hawan jini bai ba ni wahala ba. Ƙwayar amlodipine ɗaya kowace safiya, na rage gishiri da dunƙulen magi a miya, ƙafata ta ɗan kumbura, likita ta ce maganin kan jawo hakan. Abin da ba wanda ya shirya ni a kansa shi ne fargaba. Shanyewar ɓarin jiki ce ta kwantar da Babanmu, da hannuna na riƙa ba shi kunu a cokali yana zubowa ta gefen baki. Don haka ranar da aka ce jinina ya haura 140/90, shi kawai na hango.

Sai na sayi na'urar awo ta gida. Tsakar dare gabana ya faɗi, in tashi in ɗaura ta a hannu, in ga lamba ta hau, in sake ɗaurawa in ga ta ƙara hawa. Ashe tsoron da kansa ke sa jiki ya saki sinadarin adrenalin, zuciya ta ƙara gudu, jijiyoyi su tsuke. Lambar kuma ta dawo ta ƙara wa tsoron wuta.

Amma abin da har yau yake ci mini tuwo a ƙwarya shi ne maganar mutane. "Ke dai kin cika raki, ina tawakkalinki?" in ji Gwaggo, kuma na san da ƙauna ta faɗa. Daga ranar kayana suka zama biyu, ga tsoro, ga kunyar jin tsoron. Na daina gaya wa kowa. Na riƙa kokawa da shi ni kaɗai, duk sanda ya dawo sai in ɗauka imanina ne ya yi rauni. Wannan kokawar ta fi ciwon cinye mini barci.

Wata dattijuwar nas ce ta zaunar da ni. Ta ce, "'Yar nan, awo ɗaya ba ya yanke hukunci." Ta koya mini yadda ake awon: a huta minti 5, baya a jingine, ƙafa a ƙasa, hannu daidai ƙirji, ba shayi ba goro na rabin awa kafin nan. Safe da yamma kawai, a rubuta a littafi a kawo wa likita. Ta kuma lissafa mini abin da za a garzaya asibiti dominsa ba jira: karkacewar baki, mutuwar hannu ko ƙafa ɓari ɗaya, harɗewar harshe, ciwon ƙirji mai tsanani. Ba ta ce in daina tsoro ba. Cewa ta yi wanda ya yi jinyar mahaifinsa haka, dole ya ji.

Yanzu in tsoron ya zo nakan duba fuskata, in ɗaga hannayena biyu, in yi magana in ji muryata. In duk lafiya, sai in bar shi ya zauna, ina jan numfashi a hankali ina hailala har ya lafa. Yakan dawo, musamman in na ji labarin rasuwar wani sa'ana.

Gwaggo kuwa na karanta mata aya ta 67 ta Suratu Ɗaha, inda Annabi Musa (AS) ya ji tsoro a ransa gaban bokayen Fir'auna. Ta yi shiru, sannan ta tambaye ni ko zan auna mata nata jinin, don ita ma ta daɗe tana fama da ciwon kai tana ɓoyewa.