Aikin mai kwantiniti a ƙaramin fim a Gusau

Fim ba a jere ake ɗaukarsa ba. Mu masu ƙananan kamfanoni a nan Gusau lokeshin muke bi: in an samu aron gida a Tudun Wada na kwana biyu, duk sin (wato fitowa) ɗin da ya shafi gidan nan a kwana biyun za a gama shi, ko na farkon labari ne ko na ƙarshe. Haka in an ɗauko jarumi daga Kano na kwana uku. Wanda ke riƙe da zaren labarin a cikin wannan hargitsi shi ne mai kwantiniti.

Tun kafin a fita yake raba labarin gida-gida, ya rubuta wa kowane sin ranarsa a cikin labari da kayan da ke jikin kowa. A lokeshin kuwa littafinsa ba ya barin hannunsa: lambar sin, lambar shot (wato ɓangaren sin da kyamara ke ɗauka daga wuri ɗaya), ɗauka ta nawa, lambar fayil a katin kyamara da ta na'urar sauti, tsawon ɗaukar, da wadda darakta ya ce ta yi. Da wannan edita zai yi aiki.

Wahalar tana wajen aiki da kyamara ɗaya. Sin guda sai an maimaita shi aƙalla sau uku, a ɗauko shi daga nesa, sannan fuskar wannan, sannan ta wancan. Dole mayafi ya koma kafaɗar da yake, karin hula ya kalli gefen da ya kalla, shayi ya tsaya inda ya tsaya a kofi, carbi ya zauna a hannun dama in a dama yake. Ɗaurin ɗankwali ya fi komai ba da ciwon kai, don mace ba ta ɗaura shi iri ɗaya sau biyu, shi ya sa ake ɗaukar hotonsa a waya gaba da baya kafin a tashi cin abinci. Lalle ma kwana huɗu ya ishe shi dusashewa. A watan Afrilu gumi kan jiƙa bayan riga tsakanin ɗauka da ɗauka, da hunturu kuma hazon safe daban, hasken la'asar daban.

Ga jarumanmu da ƙari a baki. Abin da jarumi ya faɗa a ɗaukar nesa shi za a rubuta, ba abin da ke takarda ba, in ba haka ba baki da murya su saɓa wajen haɗawa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗora wa mutum ɗaya kwantiniti da buga allon da ake nuna wa kyamara a farkon kowace ɗauka da kula da sutura don a rage kuɗin sallama. Yana can neman takalmin jaruma, an yi ɗauka biyu babu mai rubutawa. Ba a ganewa sai a teburin edita, lokacin jarumi ya koma Kano ya yi aski, masu gida kuma sun canza labule.