Malmalar tuwo da ludayin mai: darussa daga aikin kula da masu ciwon suga

Duk wanda ya daɗe yana ba masu ciwon suga shawara kan abinci ya san tambayar da aka fi yi: "Me zan ci, me zan bari?" Sai mutum ya bar tuwon shinkafa ya koma na alkama ko acha, ya share malmala uku hankali kwance don an ce abincin masu suga ne. Alhali hatsi duk sitaci ne, kuma giram ɗaya na sitaci kalori 4 ne (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki), ko na acha ne ko na shinkafa. Wanda ba a surfe ba ya fi jinkirin shiga jini, wannan gaskiya ne, amma yawan da aka ci shi ke yanke hukunci. Kofi ɗaya na dafaffiyar shinkafa ya kai kalori 200 da sitaci giram 45, kuma farantin da ake zuba wa maigida sau da yawa kofi uku ne.

Inda aka fi yin asara ba a sani ba shi ne wajen mai. Giram ɗaya na mai kalori 9 ne, ya ninka na sitaci har da ɗori. Babban cokali ɗaya na manja ko man gyaɗa kalori 120 ne. A garau-garau kaɗai ana iya malala cokali uku, wato kalori 360 da ba su cika ciki ba. Ƙosai da awara ma suna shan mai a kasko. Shi ya sa shawarar da ta fi saurin aiki ta uwargida ce: ta daina tuttula mai daga galan, ta auna da cokali, ta raba da yawan masu cin miyar. Soyayyar gyaɗa ma a yi hattara, giram 100 ya haura kalori 550.

Abin sha kuwa ba ya ƙosarwa, sai dai ya ƙara lissafi. Kwalbar lemo mai santilita 50 tana ɗauke da sukari kusan ƙaramin cokali 13. A haɗa da na shayin safe, da na fura, da zoɓo. Zuma ba mafita ba ce, babban cokali ɗaya sukari giram 17 ne.

Ma'aunin da aka saba bayarwa don rage ƙiba shi ne a rage kalori 500 a rana, wanda ke sauke kusan rabin kilo a mako da farko. Ga yawancin mata hakan na nufin 1,200 zuwa 1,500 a rana, maza 1,500 zuwa 1,800. Bayan 'yan watanni sikeli yakan tsaya, domin jikin da ya ragu buƙatarsa ta ragu, kuma a nan mutane da yawa ke karaya. Sai a sake lissafi, a ƙara tafiya a ƙasa bayan cin abinci. Wanda ƙirga ke ba wahala ya raba faranti: rabi ganye irin su zogale, alayyafo, rama da kabeji, kwata kifi ko ƙwai ko nama marar kitse, kwata tuwo kamar dunƙulen hannunsa. Wannan ba ya yiwuwa a kwano ɗaya da iyali, dole a zuba masa nasa daban.

Wahalar tana da riba. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyi yana gyara suga sosai. A binciken DiRECT da aka yi a Birtaniya aka fitar a 2017, kashi 46 cikin ɗari na masu ciwon suga nau'i na biyu, wanda ya fi kama manya, da suka bi abinci mai kalori kusan 850 a rana sugansu ya daidaita ba magani bayan shekara guda. Amma an yi shi ne ƙarƙashin kulawar ma'aikatan lafiya, ga waɗanda ba sa allurar insulin. Kada kowa ya gwada shi a gida shi kaɗai.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne mutum ya rage abinci ba a daidaita masa adadin maganinsa ba. A cikin magungunan suga, metformin shi kaɗai da wuya ya faɗar da suga ƙasa da kima, amma insulin da glibenclamide suna yi, musamman in an tsallake abinci. Alamun faɗuwar suga su ne karkarwa, zufa, jiri, bugun zuciya da rikicewa. In na'urar gwada suga ta nuna ƙasa da 70 a ma'aunin mg/dL, wato 3.9 a ma'aunin mmol/L, a sha sukari babban cokali ɗaya a ruwa, a jira minti 15, a sake gwadawa. Wanda ya suma ba a ɗura masa komai, asibiti ake nufa da shi. Don haka kafin a rage malmala, ko kafin azumin Ramadan, a kai wa likita maganin da takardar gwaje-gwajen mako biyu, na safe kafin karyawa da na awa biyu bayan cin abinci, ya daidaita adadin.