Alhaji, jiya an ɗauke wuta?

Shagona ƙarami ne a Agege, ni da yarona ɗaya, amma abincinmu yana gidajen Lekki da Ikoyi. Tankunan gilashi na ruwan gishiri muke kula da su, waɗanda ake kiwon murjani mai rai a ciki. Mutanenmu a wuyan amarya suka san murjani, shi ya sa in na ce dabba ce, siririyar tsoka da ta lulluɓe ƙashi, sai a yi mini kallon mai zolaya.

Rannan da sassafe wani Alhaji ya bugo: "Malam, reshen murjanin nan ya yi fari fat, taho da magani." Na ce, "Ranka ya daɗe, jiya an ɗauke wuta?"

Farin iri biyu ne. Akwai koɗewa: tsokar tana nan, launi ne ya gudu saboda zafi ko hasken fitila, kuma yakan farfaɗo. Akwai kuma saɓulewa, inda ƙashi ke fitowa tsirara. A nan sai na duba ta ina ta fara. In daga gindi take hawa a hankali, mako da makonni, nakan zargi hawa da saukar alkaliniti, wato sinadarin cikin ruwa da murjani ke gina ƙashi da shi (tsakanin 7 da 9 muke riƙe shi a ma'auninsa na dKH), ko kwanciyar ruwa, ko shimfiɗaɗɗiyar tsutsar nan mai cin Acropora (wani nau'in murjani mai rassa), wadda ke manna ƙwai a gindin reshe. In tsinin ne ya ƙone, galibi alkaliniti ya yi yawa a ruwan da aka tace fiye da kima. Wadda ke cinye reshe cikin yini ɗaya kuwa, RTN muke ce mata, wato mutuwar tsoka cikin gaggawa, ba ta jiran shawara.

Na Alhaji ita ce. Ashe soket ɗin na'urar sanyaya ruwa ba ya kan janareto. Ruwan da ya kamata ya tsaya a digiri 25 ko 26 ya kwana a 31. Kwalbar magani me za ta yi wa wannan?

Na sa almakashi na yanke rassa uku, can sama da inda farin ya tsaya, na tsoma su a ruwan aidin, na manna a sabon dutse da gam. Yarona ya kira mai gyaran wuta. Biyu daga cikin rassan sun rayu, sun fara shimfiɗa gindi.