Yadda muka yi da kuɗin rijistar ƙanina

Ranar da ƙanina ya samu gurbi a jami'a murna muka sha a gida, sai da ya ciro takardar kuɗin rijista jikin kowa ya yi sanyi. Baba ya yi ritaya, ni kuma albashin nawa ko ashirin ga wata ba ya kaiwa. Dole na sa data na shiga neman mafita, a nan na gane ashe tallafin nan kala-kala ne, mu dai duka sikolashif muke ce masa.

Wanda ya fi sauƙin samu shi ne NELFUND, asusun gwamnatin tarayya na ɗalibai, amma fa bashi ne ba kyauta ba. An buɗe shafinsu a Mayun 2024, su ke biyan kuɗin makaranta kai tsaye zuwa asusun jami'a, in ɗalibi ya nemi na kashewa kuma naira dubu 20 duk wata, kuma sai makarantun gwamnati. Baba da ya ji kalmar bashi cewa ya yi a'a, shi ba zai jefa ɗansa cikin riba ba, sai da na zaunar da shi na ce Baba wallahi babu kuɗin ruwa ko sisi, biya ma sai shekara biyu bayan bautar ƙasa, a riƙa cire kashi 10 cikin 100 na albashi. Mama ce ta kashe maganar, ta ce bashi ai hanji ne yana cikin kowa.

Na kyauta kuwa akwai na hukumar tallafin karatu ta jiha, wannan sai da takardar shaidar ƙaramar hukuma, kuɗin ba yawa amma ya sai hand'awut da garin kwaki. Masu tsoka su ne na kamfanoni irin su MTN da kamfanin iskar gas na NLNG, su kuma maki suke kallo, har jarrabawa ake zaunawa. Shi ya sa na ce wa yaron ya riƙe CGPA ɗinsa, wato matsakaicin makinsa na jami'a, tun daga aji ɗaya, don in ya zube a farko tashinsa aiki ne. Tallafin karatu a ƙasar waje na PTDF, asusun gwamnati na bunƙasa fasahar man fetur, na masu digiri na biyu da na uku ne, wannan da saura tukuna.

Abin da ya kusa ja mana asara ma ba kuɗi ba ne, suna ne. A NIN an rubuta Muhammad, a JAMB Mohammed, a BVN kuma sunan Baba ne a gaba, duk aikin wani mai kafe da ya cika masa fom tun yana sakandare ba wanda ya duba. Sati uku muna zirga-zirgar gyara, har kotu muka je rantsuwa. Yanzu dai na buɗe masa imel nasa na kansa, takardun duka na ɗauke su hoto suna wayata, na jiha muke jira su buɗe.