Godiya ga duk waɗanda suka tsaya mana a jinyar yaronmu

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, jiya bayan la'asar aka sallamo yaron wajena daga asibiti, bayan kwana goma sha ɗaya yana jinyar sanƙarau. Da ƙafarsa ya shigo gida. Mahaifiyarsa na ganin ya sunkuya ya cire takalmi da kansa, ta zauna daɓas a tsakar gida tana kuka. Bin kowa gida-gida ba zai yiwu ba, shi ya sa na rubuto nan.

Godiya ta farko, bayan ta Allah, ta Hajiya maƙwabciyarmu ce a nan Tudun Wadar Gusau, tsohuwar ma'aikaciyar jinya. Daren Laraba yaron ya kwanta da zazzaɓi da ciwon kai, na ce maleriya ce, na aika kemis. Da safe ya yi amai, yana cewa a rufe taga haske na sukar idonsa, amma duk da haka na sa hula na tafi kasuwa. Wannan laifina ne, ba na kowa ba. Da azahar Hajiya ta shigo dubiya, ta sa hannu ƙarƙashin ƙeyarsa ta ɗaga. Wuyan ya ƙi lanƙwasuwa, haɓa ta ƙi kaiwa ƙirji, yaron ya ƙwalla ƙara. Nan take ta kira ni a waya: "Alhaji, wannan ba na kemis ba ne. Bar abin da kake yi ka taho." Hajiya, Allah Ya biya ki da Aljanna.

Mai keken da ya kai mu ya ƙi karɓar ko sisi, ban ma san sunansa ba. Allah Ya san shi.

Likitoci da nas-nas, na gode, kuma ku yafe mini gardamar da na yi muku. Da aka ce za a ɗebi ruwan ƙashin bayansa na ƙi, don na sha jin ana cewa yana gurgunta mutum. Wani matashin likita ya ja ni gefe ya yi mini bayani cikin haƙuri har na amince. Ruwan da ya kamata ya fito garau sai ga shi gurɓatacce kamar na wankin shinkafa. Ashe ma ba su jira sakamako ba, tuni sun fara masa allurar ceftriaxone, maganin kashe ƙwayoyin cuta, ta jijiya, domin irin wannan sanƙarau kan iya kashe mutum cikin kwana guda.

Na ce wa likitan ai an yi wa yaron nan allurar sanƙarau tun yana ƙarami. Ya ce waccan, wato MenAfriVac da aka fara a Najeriya a 2011, nau'in A na ƙwayar cutar kaɗai take tarewa. Annobar 2017 da ta faro daga nan Zamfara ta ci rayuka sama da dubu kuwa nau'in C ce. Sabuwar allurar, Men5CV, wadda Najeriya ta riga kowace ƙasa fara amfani da ita a 2024, ita ce ke tare nau'i biyar: A, C, W, X da Y. Ni duk tsawon shekarun nan na saki jiki, ina ganin an gama. Abin da ya fi ba ni kunya, lokacin da zan tafi Hajji da ƙafata na bi layin allurar sanƙarau don Saudiyya ta wajabta, amma ban taɓa tambayar ta ɗan shekara 17 da ke kwana a shagon ƙofar gidana ba.

Su bakwai ne a shagon nan, taga ɗaya, ga ƙurar hunturu ta wuce zafi ya shigo. Saurayi kan ɗauki ƙwayar cutar a maƙogwaronsa yana lafiya lau, ya yi tari ko atishawa ya ba na kusa da shi. Iyayen sauran shidan, na gode da ba ku yi fushi ba, kuka bari aka ba su maganin kariya. Idan masu rigakafi suka shigo unguwa kada mu ce ta jarirai ce. Daga ɗan shekara 1 har 29 ake yi wa, a nemo samarin duk inda suka shiga.

'Yan layinmu na kasuwa da kuka haɗa kuɗin magani ba tare da na buɗe baki ba, jama'ar masallacinmu, surukaina da kwanon abincinku bai yanke ba ko rana ɗaya, Allah Ya bar zumunci. Ku sa iyayen yarinyar da aka kwantar kwana ɗaya da mu cikin addu'a, ita Allah Ya karɓi abarsa a dare na uku. Allah Ya jiƙanta.

Yaron yana samun ƙarfi, sai dai kunnensa na hagu ba ya ji sosai, an ba mu ranar komawa gwaji. Masu zuwa dubiya ku zauna ta damansa. In kun yi sallama bai amsa ba, ba raini ba ne.