Ni da Word mai Larabci a ofishin kago na Jidda

Ofishinmu na tura kayan alhazai da 'yan umara daga Jidda zuwa Kano. Takardun da muke bugawa iri biyu ne: na hukuma da Larabci, na masu kaya da Hausa. Kwamfutar kuwa ɗaya ce, Word ɗinta kuma na Larabci ne. Duk wanda ya koyi aikin a gida ya san wahalar: layin maɓallan sama, wanda Microsoft ta kawo tun Office 2007, yana juyewa ne kacokan. Abin da hannu ya saba samu a hagu ya koma dama, shafin saka hoto da tebur ya zama "Idraj", na ajiye takarda "Malaf".

Na daina farautar maɓallai da linzami, na koma kan allon rubutu, don Ctrl da S na ajiye takarda a Word na Larabci kamar yadda suke yi a na Turanci. Alt da Shift na canja harshen rubutu. Ctrl da Shift na dama na mayar da sakin layi ya fara daga dama, Ctrl da Shift na hagu su dawo da shi. F4 kuma na maimaita umarnin ƙarshe, abin da ke rage min aiki sosai a jerin sunayen masu kaya.

Amma abin da ya fi yi min rana shi ne ɗan siririn layin nan na can sama, wanda mutum ke zuba wa maɓallan da yake so. Ka danna ɓangaren dama na linzami a kan kowane umarni, ka ce a kai shi can. Na jera bugawa, juya sakin layi, saka tebur, da buroshin kwafar tsari. Idan ka taɓa Alt, lambobi ne ke fitowa a kansu, 1, 2, 3, kuma lamba ba ruwanta da yaren kwamfuta.

Haruffanmu masu lanƙwasa ne suka fi ba ni aiki. Ana rubuta 0199 a danna Alt da X sai ƙ ta fito, 0257 na ɗ, 0253 na ɓ. Sai dai a kalma irin "baƙi" Word na haɗa "ba" da lambar ta ɗauka duk lamba ce, sai ta rikice. Gara ka shiga akwatin alamomi ka ba kowane harafi gajeriyar hanyarsa.

Maigidan ya taɓa leƙo ni ya ce, "Yaro, me ya sa kuɗin kilo ke fitowa da lambobin Larabawa a rasit ɗin Hajiya?" Na ce, "Alhaji, saiti ne kawai." Yana cikin zaɓuɓɓukan Word, kuma can lambobin da ake rubutawa a Saudiyya sunansu "Hindi". Ka zaɓi wanda ke bin mahallin rubutu, takardar Larabci ta fito da nata lambobin, ta Hausa da nata.